Gadon Da Ya Cinye Ƙafafu: Tarihin Hutu Da Motsi A Gidajen Kula Da Tsofaffi

Akwai wata tambaya da nake yawan sha a bakin tagar ɗakin magani na asibitin da nake aiki. Mutum zai miƙo takardar likita, in haɗa masa magungunan mahaifinsa, sai ya tsaya yana jujjuya ledar a hannu. Can ya rage murya ya ce, "Malam, babu wani maganin ƙarfin jiki da za ka ƙara mana? Tun da aka sallamo Baba ƙafafunsa suka mutu." Idan na tambaya ko Baba yana tashi ya ɗan taka, amsar kusan ɗaya ce kullum: "Haba, ai ba ma barinsa ya yi komai. A kwance muke yi masa komai."

Da alfahari ake faɗar wannan magana, kuma ban ga laifin mai faɗarta ba, domin shaida ce ta ɗa mai jinƙan iyayensa. Sai dai aikina ya koya mini cewa duk abin da ke warkarwa yana da ƙa'ida, kuma idan aka wuce ƙa'idar sai ya koma cuta. Kwanciya ma haka take. Likitocin Turai da Amurka sun daɗe suna kallon gado a matsayin maganin da ba ya da illa, kuma inda wannan kuskure ya fi yin ɓarna shi ne gidajen kula da tsofaffi. Mu ba mu saba kai tsofaffinmu irin waɗannan gidaje ba. Ɗakin tsoho a wurinmu yana cikin gidan ɗansa. Amma tarihin yadda mazauna waɗancan gidaje da ma'aikatansu suka riƙa kallon motsa jiki madubi ne da za mu ga fuskarmu a ciki.

Zamanin da gado yake sarkin magunguna

A shekarar 1863 aka buga laccocin wani fitaccen likitan fiɗa na Landan, John Hilton, a kan amfanin hutu wajen magance ciwo. Hujjarsa tana da ƙarfi a inda ya kafa ta: ƙashin da ya karye ko gaɓar da ta kumbura suna buƙatar a daina motsa su kafin su warke. Amma waɗanda suka biyo bayansa suka faɗaɗa darasin har ya rufe jiki gaba ɗaya. Mai tarin fuka ya kwanta wata da watanni. Wanda ya yi bugun zuciya ya kwanta mako shida, ba ya ko juyawa sai an juya shi, ba ya cin abinci sai an ba shi a baki. A zamanin da magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba su zo ba, gado shi ne abin da likita ke da shi a hannu, kuma mai abu ɗaya da shi yake rawa a kowane biki.

Tsofaffin talakawan Ingila su suka fi kowa ɗanɗana wannan magani. Dokar matalauta ta 1834 ta tanadi gidajen aikin gwale-gwale ga waɗanda ba su da abin hannu, da nufin tsoratar da masu ƙarfi daga zaman banza. Da tafiya ta yi tafiya, masu ƙarfin suka watse, gidajen suka cika da tsofaffi da naƙasassu da marasa lafiyar da ba su da kowa. Aka gina musu ɗakunan jinya, aka jera gadaje. A idon ma'aikaciyar jinyar wancan lokaci, ɗaki mai kyau shi ne wanda kowa ke kwance, zannuwa a miƙe, ƙasa tana ƙyalli, babu mai yawo. Tsohon da aka shigar ɗakin, kowa ya san ba ƙafarsa ce za ta fitar da shi ba. Shi ma tsohon ya yarda da haka, domin ba wanda ya taɓa gaya masa akwai wata hanya.

Matar da ta yaye bargo

A shekarar 1935 asibitin West Middlesex da ke yammacin Landan ya karɓi ragamar ɗakunan jinyar wani tsohon gidan matalauta da ke maƙwabtaka da shi. Aka damƙa wa wata likita, Marjory Warren, marasa lafiya sama da 700, mafi yawansu tsofaffi, waɗanda aka riga aka yanke wa hukuncin cewa ba su warkewa. Abin da ta fara yi bai da wani ban mamaki, amma kafin ita ba a damu da yin sa ba: ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta duba jikinsu. Sai ta tarar an cakuɗa mai ciwon mantuwa da mai cikakken hankali, mai shanyewar ɓarin jiki da wanda babu abin da ke damunsa sai rashin wurin zuwa. Da yawa daga cikinsu kwanciyar ce ta naƙasa su. Gaɓoɓi sun sandare, tsoka ta zube, baya ya yi gyambo, fitsari ya daina riƙuwa, zuciya ta karaya.

Warren ta rarraba su gwargwadon halin kowa, ta sa aka yi wa ɗakunan fenti mai haske, aka gyara fitilu, aka samar da abin dafawa. Sannan ta fara tayar da mutane. Wanda zai iya zama aka zaunar da shi, wanda zai iya tsayuwa aka tsayar da shi, aka koya wa masu shanyewar jiki da waɗanda aka yanke wa ƙafa yadda za su sake takawa. Mutanen da aka fid da rai da su suka riƙa komawa gida ko wurin da ba sa buƙatar jinyar asibiti, har gadajen da ake buƙata domin masu doguwar jinya suka ragu ƙwarai. Ta rubuta abin da ta gani a mujallar likitocin Birtaniya a 1943, da mujallar Lancet a 1946, tana kira da a ware fannin likitanci na musamman domin tsofaffi. A 1947 tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar likitocin tsofaffi ta ƙasar. Ta rasu a hatsarin mota a 1960, amma har yau ana kiranta uwar wannan fanni.

A shekarar 1947 ɗin dai wani likitan Landan, Richard Asher, ya wallafa gajeriyar maƙala a kan haɗarin kwanciya. Ya bi jiki sashe-sashe yana lissafa abin da gado ke yi masa: jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, majina ta taru a huhu, ƙashi ya rasa sinadarinsa, hanji ya cushe, mara ta riƙa yoyo, rai ya gundura. A Boston ta Amurka kuwa, a 1952, likitocin zuciya Samuel Levine da Bernard Lown suka ba da rahoton cewa sun riƙa zaunar da masu bugun zuciya a kujera tun kwanakin farko, kuma ba su ga bala'in da ake tsoro ba. Abokan aikinsu da dama sun ɗauki abin a matsayin ganganci.

Hujjar da ta fi tsayawa a rai ta zo daga birnin Dallas a 1966. Aka kwantar da samari biyar lafiyayyu, 'yan shekara 20, mako uku cur ba sa sauka daga gado. Da suka tashi, ƙarfin zuciyarsu da huhunsu na ɗaukar aiki ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake tara mutanen nan biyar aka gwada su. Sai aka ga mako ukun nan na kwanciya sun fi shekara talatin na tsufa yi musu illa. Idan haka ta faru da saurayi, mai karatu, yi tunanin dattijon da ƙarfinsa dama kaɗan ya rage. An gwada wannan ma: wani bincike da aka buga a 2007 ya kwantar da lafiyayyun dattawa, masu kimanin shekara 67, kwana goma kacal, suka rasa kusan kilo 1 na tsokar ƙafafu.

Idon ma'aikaci

Za ka zaci da zarar ilimi ya bayyana sai aiki ya canza. Bai canza da sauri ba, kuma dalilin yana cikin zuciyar mai kula da tsohon. Ma'aikaciyar da ke da mutum goma ko fiye a hannunta da safe tana da lissafi mai sauƙi. Idan ta sa wa tsohuwa riga, minti biyu ya isa. Idan ta tsaya tsohuwar ta sa da kanta, sai an kwashe minti goma. Idan ta tura ta a keken guragu zuwa ɗakin cin abinci, an gama. Idan ta riƙe hannunta suka taka, shayi ya huce kafin su isa. Sama da duka akwai tsoron faɗuwa. Tsohon da ya faɗi ya karya ƙugu, ranar da sa'ar suna rubuce, kuma akwai wanda za a tuhuma. Tsohon da ƙafafunsa suka mutu a hankali cikin wata shida, babu ranar da za a nuna, babu wanda za a kama. Sai a ce tsufa ne.

Wannan tsoro ya haifi ɗauri. A ƙarshen shekarun 1980, kusan kashi 40 cikin 100 na mazauna gidajen jinyar tsofaffi a Amurka ana ɗaure su a gado ko a kujera, da ɗamara ko wata riga mai igiya. Masu ɗaurin ba mugaye ba ne. Sun yi imani suna kare rai. Amma da aka bi diddigi, kamar yadda Mary Tinetti ta jami'ar Yale da abokan aikinta suka yi a farkon shekarun 1990, sai aka ga ɗaurin bai hana munanan raunukan faɗuwa ba. Wanda aka ɗaure tsokarsa na ƙara zubewa, ranar da aka kwance shi kuwa ƙafar ba ta ɗaukarsa. Wasu ma igiyar ce ta shaƙe su garin ƙoƙarin kuɓucewa. Garin neman gira aka rasa ido.

Akwai wata igiyar da ba a gani, kuma ita ce ta shafi sana'ata. Magungunan barci da na kwantar da hankali sun zama hanyar zaunar da tsohon da ke yawan tashi da dare ko yawan kai-komo. Dokar gyaran gidajen jinya da majalisar Amurka ta yi a 1987 ta haɗa igiyoyin biyu wuri ɗaya: ta ba mazaunin gidan 'yancin kada a ɗaure shi, da igiya ko da ƙwaya, domin horo ko domin sauƙaƙa wa ma'aikata aiki. A 1991 likita Mark Beers ya fitar da jerin magungunan da bai kamata a riƙa bai wa mazauna irin waɗannan gidaje ba, jerin da ake ta sabunta shi kuma masu haɗa magunguna ke aiki da shi har gobe. Irin su diazepam da amitriptyline suna ciki. Daga baya jerin ya ƙunshi tsofaffin magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa barci, irin su chlorpheniramine, wanda ake saye a kemis ɗin unguwa kamar alewa. Dukansu suna iya sa jiri, su dagula tunani, su sa ƙafa ta harɗe.

'Yan shekara casa'in a ɗakin ɗaga ƙarfe

Ko bayan an kwance igiya, akwai sauran wani zato: cewa motsin da ya dace da tsoho shi ne ɗan kaɗa hannu a kujera, domin tsokar da ta tsufa ba ta ƙara ginuwa. Wata likita, Maria Fiatarone, ta gwada wannan zato a wani gidan kula da tsofaffi na Boston. Ta ɗauki mutum goma masu rauni, daga shekara 86 zuwa 96, ta sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau uku a mako, nauyi na gaske wanda ya kusa ƙurewar ƙarfinsu. Tara suka kammala mako takwas. Rahoton da ya fito a 1990 ya nuna ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 a matsakaici, tsokar cinya ta ƙaru, biyu daga cikinsu suka ajiye sanda. Da aka dakatar da atisayen kuwa, cikin mako huɗu ƙarfin ya fara zubewa.

A 1994 ta maimaita gwajin da mutum 100 na tsawon mako goma, kuma a nan ne amsar tambayar da ake yi mini a taga take. Ta raba su: wasu atisaye, wasu abin sha mai ƙarin sinadaran gina jiki, wasu duka biyu, wasu babu ko ɗaya. Masu atisaye ƙarfinsu ya ninka, tafiyarsu ta ƙara sauri, hawan bene ya yi musu sauƙi. Waɗanda aka ba abin sha kaɗai ba tare da motsi ba, ƙarfinsu bai ƙaru ba. Abinci mai kyau wajibi ne, amma tsoka ba ta karɓar saƙo daga kwalba. Aiki ne ke tashinta.

Idon tsoho

Shi fa tsohon, yaya yake kallon lamarin? Masu zama su saurari mazauna waɗannan gidaje suna yawan jin abu iri ɗaya. Kalmar atisaye ba ta burge su. Suna ganin ta ta yara ce, ko ta masu neman rage teɓa. Wani zai ce ya yi aiki shekara hamsin, yanzu lokacin hutunsa ne. Wani yana tsoron faɗuwa fiye da ma'aikacin, wani ciwon gwiwa ke hana shi, wani kuma ba ya son ya zama nauyi, don haka ko yana son fita ba zai kira kowa ba. Amma wannan tsohon da ya ƙi jefa ƙwallo a da'irar kujeru, idan aka ce ya ba shuka ruwa, ko ya naɗe wanki, ko ya raka baƙo bakin ƙofa, sai ka ga ya miƙe. Ma'aikaci yana kallon motsi a matsayin wani shiri mai lokaci da mai gudanarwa. Tsoho yana kallonsa a matsayin hanyar zuwa wani wuri ko gama wani aiki.

Ellen Langer da Judith Rodin sun taɓo wannan a 1976 a wani gidan jinya na jihar Connecticut. Mazauna hawa ɗaya aka gaya musu cewa ragamar rayuwarsu tana hannunsu, aka ba kowa shuka ya zaɓa ya kula da ita da kansa. Mazauna wani hawan aka ba su shuka, amma aka ce ma'aikata ne za su riƙa ba ta ruwa, kuma za a yi musu komai. Bayan makonni kaɗan, waɗanda aka ɗora wa nauyi suka fi kuzari da walwala da shiga jama'a. Taimakon da ya wuce kima yana raɗa wa mutum cewa ya gama amfani, kuma jiki yana jin wannan raɗa.

Abin da ya rage gare mu

Yanzu koma ɗakin Baba ko na Inna a gidanku. Ku ne ma'aikatan, kuma lissafinku irin nasu ne: sauri, da tsoron faɗuwa, da tsoron bakin dangi. A kansu kuma mun ƙara kunya, domin a tarbiyyarmu abin zargi ne a ga tsohuwa da tsintsiya alhali jikokinta na zaune. Sai mu karɓe tsintsiyar, mu karɓe buta, mu kawo fo bakin gado, mu ce masallaci ya yi nisa. Kowane ɗaya alheri ne. Idan aka tara su sai su zama irin ɗakin da Marjory Warren ta tarar.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2020, ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama da su yi motsi matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, da atisayen daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku domin rage faɗuwa. Ta kuma ce wanda ba zai iya cika wannan ba ya yi gwargwadon ikonsa, domin kaɗan ya fi babu. Ga mai rauni, farawa na iya zama tashi daga kujera da komawa sau biyar, safe da yamma, da wani a gefe. Daga nan zuwa bakin ƙofa, daga nan zuwa zaure. Ku bar Inna ta tsince wake, ta ba kaji hatsi, ta yi wanka da kanta kuna kusa. Ku bar Baba ya taka zuwa majalisar abokansa ko da sanda, ko da zai huta sau biyu a hanya. Sannu ba ta hana zuwa.

Tsoron faɗuwa gaskiya ne, amma maganinsa gyaran hanya. A ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe, a sa fitila tsakanin ɗaki da banɗaki, a samo takalmi mai kama ƙafa maimakon silifas mai santsi, a duba idanu. Wanda ke shan maganin hawan jini ya zauna a bakin gado na ɗan lokaci kafin ya miƙe, domin jini na iya sauka farat ɗaya ya kawo jiri. Mai ciwon suga kada ya fita tafiya da yunwa bayan ya sha magani. Ku tattara duk abin da tsohonku ke sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ku kawo wa likita ko mai haɗa magani ya duba wanda ke sa barci ko jiri; amma kada ku tsayar da ko ɗaya da kanku, domin wasu tsayar da su kwatsam yana da haɗari. Idan ciwo ne ke hana motsi, a nemi maganin ciwon da ya dace da shekarunsa da ƙodarsa, a kuma nemi ganin masu gashin ƙashi.

Akwai lokacin da hutu ne daidai: sabuwar karaya, zazzaɓi mai zafi, ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, ko duk abin da likita ya hana. Ko a nan, tambayar da ya kamata ku yi kafin ku bar asibiti ita ce wadda kuke yi mini a kan kowace ƙwaya: kwana nawa? Idan likita ya ce Baba ya huta, ku tambaye shi yaushe zai fara zama, yaushe zai fara tsayuwa, yaushe zai fara taku. Magabatanmu da suka ce motsi ya fi laɓewa ba su san Dallas ko Boston ba, amma sun ga tsofaffinsu suna zuwa gona har ƙarshen rayuwa. Gobe da safe, idan Baba ya miƙa hannu zai ɗauki butarsa, ka tsaya kusa da shi, ka bar shi ya ɗauka.